Hannun Hagun Dogo

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo wai na fiye tausaya wa Dogo, na ji ku. Ku karanta wannan a nutse, sai mu ga wanda za ku tausaya wa.

*

Ba don bayanta ba, da Malama ba ta dawo gida da hantsi ba. Tana cikin rubutu a allo ciwon ya soke ta daga ƙugu har wuya, alli ya suɓuce mata, ta dafa tebur ta kasa miƙewa. Shugabar makaranta da kanta ta zo ta karɓi ajin.

"Je ki gida ki kwanta," ta ce mata. "Kullum kina cicciɓar ƙato kamar mijinki. Bayan nan naki ba ƙarfe ba ne."

Murmushin yaƙe kawai ta yi ta ɗauki jakarta.

Tun da Dogo ya faɗo daga kan tsani a wurin aikinsa na haɗa wayar lantarki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ita ce hannunsa ita ce ƙafarsa. Ƙafar ta ɗan dawo, yana jan ta da sanda. Hannun kuwa yana nan yashe a kan cinyarsa kamar tsumma. Ita ke masa wanka, ita ke ɓalla masa maɓallin riga, ita ke tallafo shi daga gado kowace safiya tana cije leɓe.

A hankali take takawa saboda ciwon, shi ya sa ko takalminta bai yi ƙara ba. Har ta zura hannu a jaka tana laluben makulli, sai ta tsaya cak.

Kiɗa ne ke fitowa ta tagar falo. Siriri, kamar kukan sauro.

Kiɗan gem ɗinsa ba baƙo ba ne a kunnenta. Tsohuwar na'ura ce ta riƙewa a hannu, ruwan toka, mai kauri kamar sandar sabulu, gilashinta ba launi sai wani kore-kore mai duhu. Tun yana firamare yake da ita. Likitan gashin ƙashi ne ya ce a dinga ajiye masa ita a cinya, ko sha'awa za ta sa yatsun su motsa. Kullum haka za ta bar shi: yana danna madannin dama, ɗan mutumin ciki yana tsaye bakin rijiyar ƙauyensu yana saran iska da takobi. Ba gaba ba baya, don babban yatsan hagu ne ke tafiyar da shi. Kiɗan ƙauyen nan mai sanyi ta ji shi har ya fara zuwa mata a mafarki.

Amma wannan ba shi ba ne.

Wannan mai sauri ne, kamar ana bin mutum da gudu. Kiɗan hasumiya ne, wadda ke can bayan gada.

Ta san gadar. Farkon aurensu a kan dardumar falon nan suke kwanciya rub da ciki suna karɓa-karɓa. Duk inda ta taka, katakon gadar ruftawa yake. Sai ka yi gudu, ka karkace, ka yi tsalle, duk a numfashi ɗaya. Ko sau ɗaya ba ta taɓa hayewa ba. Shi yake karɓa yana mata dariya ya haye mata.

Da hannu biyu.

Ta matsa jikin tagar, ta leƙa ta inda labule bai rufe ba.

Yana zaune a kujerarsa, ya sunkuyar da kai, harshensa a gefen baki kamar yaro. Manyan yatsunsa biyu suna rawa a kan madannan. Yana cikin haka ya dakatar, ya miƙa hannu ya ɗauki kofin shayi ya kurɓa, ya mayar daidai inda yake.

Da hagu.

Abin da ya fara zuwa mata farin ciki ne. Har ƙwalla ta kawo. Sai da ta ga yadda ya ajiye kofin ba tare da ya kalle shi ba, sannan farin cikin ya gudu ya bar ta da sanyin jiki. Wannan ba hannun da ya farka yau ba ne.

Ta murɗa makulli.

Kafin ta gama turo ƙofar kiɗan ya mutu. Hannun ya koma kan cinya, yatsun a lanƙwashe yadda ta saba ganinsu.

"A'a, Malama? Lafiya da wuri haka?"

"Bayana ne."

"Sannu. Na ce miki ki je a duba shi."

"Ka ce."

Ta ajiye jaka, ta cire mayafi ta ninke shi a nutse. Ta zo ta zauna a hannun kujerar da ke fuskantarsa.

"Ya hannun?"

"Yana nan jiya i yau."

"Ko ɗan motsi?"

Ya girgiza kai yana kallon ƙasa.

"Ba ni in gani."

Ya ɗauka hannun take nufi. Na'urar ta zare daga cinyarsa. Sautin kawai ya rage, bai samu damar kashewa ba. Ɗan mutumin yana tsaye a ƙololuwar hasumiya, wata ƙatuwar kunama tana kai masa sara, ransa na raguwa kaɗan-kaɗan, ba mai kare shi.

"Wa ya haye maka gadar?"

"Wace gada?"

"Dogo."

"Au. Mai shago ne ya shigo ɗazu, ya ɗan taɓa."

"Mai shago."

"Eh."

"Mutumin da ko lambar wayarsa sai matarsa ta danna masa."



Ta miƙe. Ta juya na'urar a hannunta, ta dubi murfin batirin da ya ɗaure da salatif tun kafin ta san shi. Sannan ta wurga ta, ba da ƙarfi ba, ta gefensa na hagu, inda ba darduma sai tayil.

Caraf.

Bai yi shawara da kowa ba, hannun da kansa ya tashi. Ya cafe ta a iska, yatsu biyar sun damƙe ta gam.

Suka tsaya a haka. Shi da hannu a sama, ita tana kallon hannun.

A hankali ya sauke shi. Wannan karon bai lanƙwashe yatsun ba.

"Da ni ce na faɗi," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "da ka tare ni?"

"Malama, zauna in yi miki bayani."

"Da safen nan na durƙusa a banɗaki ina cuɗa maka wannan hannun. Yatsa bayan yatsa. Ina yi ina masa addu'a. Kana kallona."

"Na sani."

"Ka ji ƙarar da bayana ya yi da na ɗaga ka?"

"Na ji."

"Ka ji."

Ta koma ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Ita kanta ta yi mamaki.

"Likitan gashi fa? Shi ma ka yi masa wasan?"

"Ai shi ya sa na ce a daina zuwa. Ya fara ganewa."

"Ka ce min wulaƙanci yake maka. Har na je na yi wa bawan Allah rashin kunya a gaban mutane."

Ya runtse ido.

"Me ya sa?"

Ya kawar da kai.

"Tambayarka nake. Aikin ne ba ka so? Tsoron tsani kake? Da ka faɗa min, ai da na gane. Ko daɗin bauta ka ji?"

"Jakar ce."

"Wace jaka?"

"Baƙar. Mai taya." Ya ɗago ya dube ta a karon farko. "Ranar da na faɗo, da safe, ina neman takalmin aikina a ƙarƙashin gado. Na gan ta. Na ja, na ji nauyi. Na buɗe."



Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai mahaifiyarta. Ranar ta yi niyyar tafiya. Ta shirya kayanta tsaf, tana jira ya fita aiki ta kama hanya. Har ta sa takalmi aka kira ta daga asibiti. Da ta dawo gida ɗaukar masa kaya, ta zazzage jakar ta mayar da komai cikin kabad, ta zuba nasa a ciki.

"Ka sani tun ranar?"

"Ina kan tsanin nan ba waya nake gani ba. Jakar nake gani."

"Kar ka soma." Ta nuna shi da yatsa. "Kar ka kuskura ka ɗora min faɗuwarka."

"Ban ɗora miki ba. Ni na saki hannu, ni na faɗo. Abin da nake cewa, da na farka na gan ki a bakin gado, na san ba don ni kika zauna ba. Don ciwon ne. To da yatsan ya fara motsi..." Ya dubi hannun. "Na ce bari in bari sai gobe in faɗa miki. Gobe ta yi na ce jibi."

"Sai ka ɗaure ni."

"Na ji tsoro ne."

"Ka taɓa tambayar kanka me ya sa na haɗa jakar?"

Idonsa ya sauka kan na'urar da ke hannunsa.

"Yawwa," ta ce. "Kalle ta da kyau. Da muka dawo daga asibiti hannu biyu babu jaririnmu, a ɗakin can nake kwana ina kuka, nonona na zuba. Kai kana nan kana kashe kunama. Wata da watanni. Ko sau ɗaya ba ka shigo ka ce min, Malama, ni ma ina jin ciwo ba. Ko sau ɗaya."

"Ban iya ba."

"Amma ka iya haye gada."

Babban yatsansa yana shafa gefen na'urar, inda fenti ya goge saboda riƙo.

"Kin san tsohuwar nan ta bakin rijiya?" ya ce. "Ta cikin gem ɗin."

"Ba hira na zo yi ba."

"Ki bari in faɗa. Duk lokacin da ka je kusa da ita, magana ɗaya take yi. Ka dawo, ɗana? Shiga ka huta. Shi ke nan. Ina yaro, in Baba da Inna suka fara faɗa, ƙarƙashin tebur nake shiga da na'urar nan. Kwanuka na fashewa, ni kuma sai in fita ƙauyen in dawo, in fita in dawo, don kawai ta sake faɗa min. Ranar da Inna ta tafi ba ta dawo ba, tsohuwar nan tana nan. Ranar da aka binne Baba, tana nan. Na sayi wayoyi masu gem kala-kala, masu kyau kamar fim, duk na ajiye su. A wannan na san kowane dutse. Na san inda abu zai fito ya sare ni. In na mutu, a bakin rijiya zan farka, ba abin da ya ragu. Ba wanda ya tafi." Muryarsa ta karye. "Da yaron ya rasu, ban san inda zan sa kaina ba. Sai na koma inda na sani."

Abin haushin, ta gane. Ita ma akwai ranakun da take wanke-wanke ta tsinci kanta tana bin kiɗan ƙauyen da hanci, ta ji ƙirjinta ya ɗan saki. Gane ɗin ne ya ƙara tunzura ta.

"Ni ba tsohuwar bakin rijiya ba ce, Dogo. Ni mutum ce. Ina gajiya. Ina tsufa. Ba a kunna ni a kashe."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Da ka sani..."

Wani tunani ne ya faɗo mata, mai nauyi, har sai da ta dafa kujera.

Mama.

Lokacin da jikin mahaifiyarta ya yi tsanani, Yaya, babbar yayarta, ta yi ta kira. Tafiya ce ta yini guda. Dogo ba shi da kowa a kusa, kuma an ce kar a bar shi ya kwana shi kaɗai. Ta yi ta neman wanda zai zauna da shi, tana cewa ƙarshen mako, ƙarshen mako. Ranar da ta samu ta tafi, ƙasa kawai ta tarar.

"Yaushe ya warke?"

"Malama..."

"Kafin rasuwar Mama, ko bayan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kalma ɗaya ce. Kafin, ko bayan?"

Firij ya yi ƙara a kicin ya yi shiru. A waje wata mota ta wuce.

"Kafin," ya ce.

Ta gyaɗa kai. Ta sake gyaɗawa, kamar ɗalibi ya ba ta amsar da take jira.

"Kana iya wanka da kanka a lokacin."

"Da kyar. Amma eh."

"Kana iya dafa ruwan zafi. Kana iya buɗe ƙofa."

"Eh."

"Ina zaune a nan, a kujerar nan, ina ce wa Yaya ta kara mata wayar a kunne. Ina ce mata, Mama ki jira ni. Kana gefena. Ka ce min in yi haƙuri, kai ne ka zame min kaya. Har ka yi hawaye. Na share maka."

Ta miƙe. Ciwon bayan ya soke ta, ba ta ko yamutsa fuska ba. Ta shige ɗaki, ta durƙusa, ta jawo baƙar jakar daga ƙarƙashin gado. Ƙura ta lulluɓe ta. Ta buɗe kabad ta fara zuba kaya yadda suka zo hannunta, ba ninki.

Ta ji ƙarar sandarsa a kan tayil. Ƙwas, shuu. Ƙwas, shuu. Ƙafar dai da gaske take, ko kuwa ita ma wa ya sani.

Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki.

"Ba zan hana ki ba. Ba ni da bakin hana ki. Amma akwai abin da ya kamata ki ji tukuna."

"Na ji ya ishe ni."

Ta ja zif, ta kama hannun jakar, ta nufi ƙofa. Ya riƙo tsintsiyar hannunta. Da hagun. Riƙon yana da ƙarfi, da ɗumi. Ta dubi yatsun da ta yanke wa farce da kanta.

"Sake ni."

Ya saki.

"Mama ta sani," ya ce.

Ta juyo a hankali.

"Me ka ce?"

"Zuwanta na ƙarshe, da suka zo duba ni ita da Yaya. Kina makaranta. Ta fito daga banɗaki santsi ya kwashe ta. Na tare ta. Da hannu biyu na tare ta."

"Ƙarya kake."

"Na ce mata zan faɗa miki a ranar. Na rantse mata. Ta riƙe hannun nan, ta ce kar in kuskura."

"Uwata?"

"Ta ce in na faɗa miki ba ta yafe ba."

Ba ta san lokacin da tafin hannunta ya sauka a kumatunsa ba. Bai kare ba. Sandar ce kawai ta zame ta faɗi, ya dafa bango.

"Don ta mutu ba ta da bakin magana, shi ne za ka rataya mata? Matar da ta rasu tana kiran sunana?"

"Kira Yaya. Tana tsaye a wurin."

"Zan kira ta kuwa. A gabanka."

Ta koma falo ta zazzage jakar makarantarta a kan kujera, littattafan yara da jan biro suka watse. Ta ɗauki wayar. Sau biyu tana danna lambar da ba ita ba. Ta sa a lasifika, ta ajiye a kan tebur kusa da na'urar. Gilashin yana nan a kunne. Kunamar ta gama da ɗan mutumin.

Wayar ta yi ta ruri. Har ta kusa tsinkewa aka ɗauka.

"Ƙanwata, ya aka yi? Ina cikin aiki, ko in kira ki anjima?"

"Yaya, tambaya ɗaya zan yi miki."

"Me ya samu muryarki? Jikin nasa ne?"

"Zuwanku na ƙarshe ke da Mama. Ranar da ina makaranta." Ta kafe Dogo da ido, yana jingine da ƙofar ɗaki. "Me Mama ta gani a gidan nan?"

Hayaniyar da ke bayan Yaya ta ragu, kamar ta shiga wani ɗaki. Aka ji ƙarar rufe ƙofa.

"Yaya, kina ji na?"

Numfashi mai tsawo ya fito ta lasifikar.

"Iya nan ya faɗa miki," Yaya ta ce, "ko har da dalilin da ya sa Mama ta hana shi?"